Wa zai cike giɓin kasafin kuɗi? Hanyoyin haraji shida a Kamaru da wanda kowacce ke cizo

Duk watan Nuwamba, da zarar daftarin kasafin kuɗi ya isa majalisa a Yawunde, gardama ɗaya ce take tashi daga rumfunan babbar kasuwar Garwa har majalisun dare na Marwa da Ngaundere. Malamin makaranta ya ce, "Alhaji, mu ake tatsa, tun albashi bai taɓa hannunmu ba an yanke na gwamnati." Alhaji ya ce, "Malam, zo shago ka ga takardun duwan da na haraji, kai naka sau ɗaya ne a wata." Mai tura baro kuwa yana gefe yana ganin maganar ba ta shafe shi ba, alhali duk sabulun da ya saya da katin wayar da ya sa akwai rabon baitulmali a ciki.

Wanda aka ɗora wa faɗin matsaya, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa ne, ko kansila, ko wakilin ƙwadago, ko mai tsayawa gaban depite in ya zo gida, "a cire haraji" kawai ba za ta fisshe shi ba. Sashe na 18 na tsarin mulkin Kamaru ya hana ɗan majalisa kawo gyaran da zai rage kuɗin shiga, sai ya nuna inda za a rage kashewa ko inda za a samo madadin daidai da abin da ya cire. Kasafin 2025 ya tashi a kan sefa biliyan 7,317.7, harajin da ake tarawa kuma bai kai kashi 15 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Ke nan duk mai ƙin wata hanya dole ya riƙe wata a hannu.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko, a duba kaso, kada a duba adadi. Attajirin da ya biya miliyan ɗaya cikin miliyan hamsin ya ba da kashi 2 na samunsa. Mai shayin da ya biya 30,000 cikin 400,000 ya ba da fiye da kashi 7. Buhu ɗaya ne, amma nauyinsa a bayan raƙumi daban, a bayan jaki daban. Wannan ya fi ƙarfi a arewa, domin binciken gidaje na hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2021 zuwa 2022 ya nuna kashi 37.7 na 'yan ƙasa suna rayuwa a ƙasa da sefa 813 a rana, a jihar Arewa kashi 61.1, a Arewa Mai Nisa kuwa 69.2.

Na biyu, a bi sawun kuɗin har inda ya tsaya. Wanda ya kai kuɗi ofishin haraji ba lalle shi ya biya ba. In zai iya ɗora shi a kan farashi, mai saye ne ya biya.

Na uku, nawa hanyar ke kawowa, kuma tana ɗorewa ko shekara ɗaya ce ta ƙafe. Na huɗu, wahalar karɓa: ma'aikata nawa, takardu nawa, ƙofar cin hanci nawa. Na biyar, haɗari, wanda a nan iri biyu ne: kaya su bi ta bayan iyaka, ko jama'a su fito titi.

Mutanenmu suna da wani awo da suka sani tun suna yara, wato zakka. Ba ta hawa kan mutum sai dukiyarsa ta kai nisabi: shanu 30, awaki ko tumaki 40, raƙuma 5, kuɗi kuma, in sun kai nasu nisabin, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Haraji ba zakka ba ne, amma tambayar tana aiki: wannan harajin yana da nisabi, ko kowa ya shigo ana karɓa?

1. Ƙara TVA a kan kayan saye

TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, kashi 17.5 ne, a ɗora masa kashi 10 na kansa domin ƙananan hukumomi, ya zama 19.25. A cikin kowace sefa 1,000 da aka biya wa kayan da ke ɗauke da shi, kusan 161 na gwamnati ne. Shi ne babban bututun kuɗin haraji, kuma karɓarsa ba ta da wuya, tun da a tashar ruwan Duwala da ƙofar manyan masana'antu ake kama mafi yawansa. In aka ƙara maki ɗaya, kuɗi za su fara shigowa tun watan Janairu.

Ga lissafi na misali. Magidanci a Garwa yana samun 60,000 a wata, rabinsu na tafiya a sabulu, katin waya, atamfa, batir da makamantansu. TVA ɗinsa kusan 4,800, kashi 8 na samunsa. Wani yana samun miliyan biyu, yana kashe 600,000 a irin waɗannan kaya. Nasa kusan 97,000, wato bai kai kashi 5 ba. Ya ninka talakan sau ashirin a adadi, amma a kaso ya fi shi sauƙi, saboda abin da ya ajiye ko ya sayi fili da shi TVA bai gan shi ba.

Sai dai a yi wa wannan haraji adalci. Manomin ƙauye da ke cin gero da masakwar gonarsa, yana sayen kuka da daddawa a kasuwar mako, kaɗan yake taɓa shi. Talakan birni ne ke shan wuya. Doka kuma ta keɓe wasu kayan masarufi da magunguna, da kason farko na ruwan famfo da wutar lantarki na gidaje. Keɓewar ita ma tana da nata aibi: gidan da ke cin buhu biyu na shinkafar waje a wata ya fi gidan da ke sayen kofi-kofi morar sassaucin, manomin shinkafa na Yagwa da Maga kuma shi ke fama da arahar ta waje. Gidan da ba shi da mita kuwa, rangwamen wuta bai san da zamansa ba.

Babban haɗarin a arewa iyaka ce. Irin wannan haraji a Najeriya kashi 7.5 ne. Duk ƙarin da aka yi a nan riba ce ga mai ɗauko kaya a babur ta hanyoyin daji, mai shagon da ke da rasit ya rasa ciniki, baitulmali ya rasa duka. Ƙara TVA a kan kowa da komai ita ce mafi raunin hujja cikin shidan. In dole sai an taɓa kayan saye, harajin musamman na giya, taba da kayan ƙawa ya fi dacewa.

2. Ƙara harajin albashi a matakin sama

Wannan ne kaɗai aka gina da matakala: kashi 10 a kan miliyan biyu na farko a shekara, 15 daga nan zuwa miliyan uku, 25 zuwa miliyan biyar, 35 a kan abin da ya haura, kowanne da ƙarin kashi 10 na ƙananan hukumomi. Kafin a lissafa ana cire kashi 30 na albashin a matsayin ɗawainiyar aiki, a cire kuɗin fansho, a cire 500,000. Albashin da bai kai 62,000 a wata ba, ba a taɓa shi. Da wannan lissafi, mai 150,000 a wata yana biyan kusan 6,300, kashi 4 da ɗan ɗoriya. Mai miliyan ɗaya a wata yana biyan kusan kashi 16.

A takarda babu wanda ya kai shi adalci. Karɓarsa ba ta cin komai, ma'aikata ce ke yankewa ta tura, ba ya ƙaura zuwa kan wani, ba ya tsallaka iyaka. Matsalarsa tafkin da yake kamun kifi a ciki ƙarami ne. Masu albashin da ke rubuce 'yan tsiraru ne, manyan masu kuɗin arewa kuma ba albashi suke ci ba: tireloli ne, garken shanu, rumbunan albasa da gyaɗa, gidajen haya. Ƙara maki biyar a matakin sama zai kama likita da darakta, ya bar wanda ya fi su sau goma. Nan malamin makaranta ya yi gaskiya. Chadi ta ga abin da taɓa aljihun ma'aikata ke jawowa a farkon 2018, lokacin da rage alawus ya rufe makarantu da asibitoci da yajin aiki.

3. Ƙananan kuɗaɗe: tambur, tura kuɗi, tikitin kasuwa

Waɗannan su ne gwamnati ke so domin ba sa ƙara. A 2023 tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takardun hukuma, ya tashi daga 1,000 zuwa 1,500. Minista da mai sayar da itace farashi ɗaya suke saye, ga wanda ke kan layin 813 kuwa abincin kusan kwana biyu ne, kuma takardar jarrabawa ko ta neman aiki ba tambur ɗaya take ci ba.

Harajin tura kuɗi ta waya ya fara a Janairun 2022: kashi 0.2 wajen turawa, 0.2 wajen cirewa. Dokar 2025 ta ƙara sefa 4 a kan kowace mu'amala. Ɗan da ke Duwala ya tura wa mahaifiyarsa 5,000 a Mokolo, haraji 28 ne, ban da ladan kamfanin waya. Ba yawa, amma a lura da abu biyu. Sefa 4 ɗin a kan mai tura 1,000 kashi 0.4 ne, a kan mai tura 500,000 ba a ma ganinta. Sannan turawa daga banki zuwa banki ba ta cikin kashi 0.2 ɗin, masu manyan kuɗi kuma ta can suke bi.

Ƙananan 'yan kasuwa su kula da wani abu dabam. Dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disambar 2024 ta haɗe harajin masu ƙaramin jari cikin guda ɗaya, IGS, ga wanda cinikinsa bai kai miliyan 50 a shekara ba. Ya rage yawan takardu, wannan alheri ne. Amma a kan ciniki ake sa aji, ba a kan riba ba. Mai hatsin da ya juya miliyan takwas da ribar kashi 5 ya tashi da 400,000. Telan da ya yi aikin miliyan biyu, rabi nasa ne, ya tashi da miliyan ɗaya. Mai hatsin ne zai hau aji na sama. Kuma inda babu littafin ciniki, ma'aikaci ne ke ƙiyasi da ido, daga nan ake shiga "a daidaita". Littafi mai kwanan wata, shiga da fita, ko da ajami aka rubuta shi, ya fi rantsuwa ƙarfi a gaban mai ƙiyasi.

Tikitin kasuwa da kuɗin kan dabba a kara, irin na Adumri da Bogo, su ne abincin ƙananan hukumomi, amma nan aka fi yoyo: kuɗi hannu da hannu, tikiti marar lamba, mai karɓa uku a kan saniya ɗaya.

4. Rage tallafin mai

Ba haraji ba ne da suna, amma aljihu bai san bambanci ba. Shugaba Paul Biya ya faɗa a jawabinsa na ƙarshen 2023 cewa tallafin ya ci sama da biliyan 1,000 a 2022, ya sauko kusan 640 a 2023. Matatar Limbe ta ƙone tun Mayun 2019, man duk daga waje yake zuwa. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga 630 zuwa 730, gazuwal daga 575 zuwa 720. A Fabrairun 2024 suka koma 840 da 828. An bar kananzir a 350, tukunyar gas mai kilo 12.5 a 6,500.

Masu goyon bayan ragewa suna da hujja mai ƙarfi. Mai babbar mota da tankin lita 60, da janareta a gida, shi ke shan mafi yawan tallafin; matar da ke Mora ba ta da ko keke. Kuɗin da aka zuba a nan a 2022 kaɗai ya kusa kashi ɗaya cikin bakwai na kasafi irin na 2025.

Amma a bi sawu. Ƙarin 210 a lita, ga ɗan acaɓa mai shan lita uku a rana, 630 ne kullum. Gazuwal kuwa shi ke jan tirela daga Ngaundere zuwa Kusiri, shi ke juya injin niƙa da famfon ban-ruwan albasa. Arewa ce ƙarshen hanya, kowace sefa da aka ƙara sai ta hau kan siminti da sukari kafin su iso. Abin da aka bayar na rage zafi, ƙarin albashi kashi 5.2 a 2023 da kashi 5 a 2024, da ɗaga kuɗin yara daga 2,800 zuwa 4,500, duk ya tsaya a kan masu albashi. Manomin auduga da ɗan acaɓa ba su ga ko sisi ba. Zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri da arewa ke fakewa da shi, shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta cire nata tallafin a Mayun 2023.

Ta fuskar sauri babu kamarta, sanarwa ɗaya ce da dare. Ta fuskar haɗari ma haka. Tarzomar Fabrairun 2008 daga yajin direbobi kan kuɗin mai ta faro, sai da gwamnati ta dakatar da kuɗin duwan na shinkafa, kifi da fulawa a watan Maris. Ɗorewarta kuma a hannun kasuwar duniya take: gangar mai ta tashi, tallafin ya dawo.

5. Harajin gida da fili

Shekara da shekaru awonsa kashi 0.1 ne na darajar gida: gidan miliyan 100 ya biya 100,000 a shekara, na miliyan biyar ya biya 5,000. Kuɗin na ƙananan hukumomi ne. Bene ba ya hawa babur ya tsallaka iyaka ta garin Banki, ba a ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, kuma yawanci mai shi mai hali ne. Ga dukiyar da harajin albashi ya kasa gani, a tsaye a bakin titi.

Abin da ya hana shi kawo kuɗi sananne ne. Mafi yawan filaye ba su da takardar mallaka ta gwamnati, sai shaidar mai unguwa ko ta fada. Unguwanni ba lambar gida. Mai gida ne ke faɗin darajar, sai ya faɗi ta shekara ashirin baya. Kuma waɗanda zai fi kamawa su ne masu faɗa a ji a majalisar gari.

Yana gyaruwa, amma da aiki. A fara da ƙidayar abin da ido ke gani: benaye, otal, gidajen mai, jerin shaguna da gidajen haya na kan kwalta. A ba kowanne lamba, a haɗa da lambar mitar wuta. A sa daraja bisa unguwa da faɗin gini da yawan hawa, kada a bar ta ga ciniki. A kafe jerin a ƙofar ofishin magajin gari kowa ya ga na maƙwabcinsa. A sa nisabi, gidan zama na ƙasa da wata daraja ya fita, domin akwai gwauruwar da ta gaji babban gida ba ta da abin cefane. Mai gidan haya zai ɗora wani abu a kan ɗan haya, musamman kusa da jami'o'in Ngaundere da Marwa inda ɗaki ke wuya, amma 0.1 bai kai abin da zai girgiza haya ba. Shekarar farko ƙidayar na iya cinye abin da aka tara. Bayan nan kuɗi ne da ke zuwa kowace shekara.

6. Rage afuwar manyan kamfanoni

Harajin ribar babban kamfani kashi 33 ne, ko ya ce bai ci riba ba sai ya biya 2.2 na cinikinsa. Amma dokar jawo masu zuba jari ta Afrilun 2013 ta ba da sassauci har shekara biyar na kafuwa da goma na aiki. Wani kamfanin ya cancanta, wani kuwa da ma zai zo ko ba a yafe masa ba. Ba sabon haraji ake nema a nan ba, tambaya ce: kamfani nawa aka yafe wa, nawa aka yafe, ma'aikata nawa suka yi alkawari, nawa suka ɗauka? Masu biyan kaɗan ne kuma an san ofisoshinsu. Wahalar ita ce yarjejeniyar da aka riga aka sa wa hannu ba a warware ta da rana tsaka, sai dai a ƙi sabuntawa. In aka yi gaggawa, mai shirin kafa masana'anta a arewa, inda wuta da hanya suka riga suka yi masa tsada, shi zai fara fasawa.

| Hanya | Wa ya fi ji | Saurin kuɗi | Ɗorewa | Wahalar karɓa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| TVA | Talakan birni | Nan take | Mai kyau | Kaɗan | Fasa-ƙwauri |
| Albashi | Manyan ma'aikata | Nan take | Mai kyau, kuɗin kaɗan | Kusan babu | Yajin aiki |
| Tambur, waya, tikiti | Mai ƙaramin ƙarfi | Nan take | Matsakaici | Waya sauƙi, tikiti yoyo | Komawa kuɗin hannu |
| Tallafin mai | Mai mota kai tsaye, kowa ta farashi | Dare ɗaya | Ya danganta da kasuwar duniya | Babu | Tarzoma, tsadar kaya |
| Gida da fili | Masu dukiya | Sai bayan ƙidaya | Mafi ɗorewa | Mai yawa da farko | Turjiyar manya |
| Afuwar kamfanoni | Manyan kamfanoni | A hankali | Mai kyau | Kaɗan | Janyewar jari |

Wace ta dace da wa

In giɓin na bana ne kuma dole a cike shi kafin Janairu, rage tallafin fetur ya fi ƙara TVA, da sharaɗi a bar kananzir da gas, a tafi da gazuwal a hankali, kuma a rubuta a cikin dokar inda kuɗin za su, da kason da zai isa hannun waɗanda ba su da albashi.

Wakilin ƙwadago kada ya tsaya a "kar a taɓa mu". Ya nemi a ɗaga iyakar 62,000 da cirewar 500,000, tun da tsadar kaya ta cinye su, ya miƙa harajin benaye da afuwar kamfanoni a matsayin madadin da sashe na 18 ke nema.

Ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwa ta sa ƙarfinta a kan yadda ake sa aji: a bambanta masu siririyar riba, irin hatsi da siminti, da masu aikin hannu, a kuma karɓi kuɗi da rasit mai lamba ko ta waya. Ƙin TVA ma nasu ne, su ke zaune a bakin iyaka.

Kansilan da ke neman kuɗin rijiya da kwalbati ya bar ƙara kuɗin tikiti. Ya fara da toshe yoyon kara da kasuwa, ya sa kuɗin ƙidayar gidajen kan titi a kasafin bana.

Mai magana da yawun manoma da makiyaya, gazuwal da kuɗin shingen hanya su ne nasa, sai sassaucin shinkafar waje in yana yankin Logon. Duk wanda ke son maganarsa ta shiga kuma ya kai ta a rubuce, da lissafi, lokacin muhawarar share fagen kasafi da majalisa ke yi a tsakiyar shekara, domin a Nuwamba an riga an buga alƙaluman.